Gurbin Da Ya Bari A Waƙa

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe, na gan ku. Wadda ta ce za ta biyo ni gida da muciya in ban saki shafin yau ba, ki mayar da muciyarki tukunya. Inda muka tsaya: aikin Hajji ya ƙare, Mariama ta samu hutun yini ɗaya daga gidan da take aikatau a Aziziyya, ta nufi ɗakin Hure a Ka'akiyya. Wayar mijinta Issoufou kuwa, wanda ta baro a ƙauyensu bayan Maraɗi shekara bakwai da suka wuce, sati huɗu ke nan ba ta shiga.

Mariama ta kasa zama. Ta zauna bakin katifa, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo ta sake danna lambar. A kashe.

"Ke don Allah ki tsaya wuri ɗaya, kina sa min jiri," in ji Hure.

Hure Bakanuwa ce, shekararta talatin da biyu a Makka tana suyar waina, kuma bakinta ya fi tandarta zafi.

"Yaya Hure, sati huɗu hwa. Bai taɓa yi min haka ba."

"To ba yayarsa ta kawo miki memori ba?"

"Ta kawo."

"Me ya ce a ciki?"

"Bai ce komi ba. Waƙa ce."

Hure ta ajiye rariyar da ke hannunta.

"Waƙa? Shekara bakwai kina goge tayil ɗin Larabawa, kina aika masa bargo da agogo, shi kuma tukuicinsa waƙa?"

Ga wanda bai san yadda suke yi ba: duk shekara in alhazan garinsu za su taso, Issoufou yakan ɗauki muryarsa a memori ya ba su. Labarin damina, wa ya rasu, wa ya haihu. Ita kuma ta haɗa jakar tsaraba, ta ɗauki tata muryar, ta ba su su koma da ita. A waya kam gaisuwa ce kawai, don sai ya hau tudun bayan gari kafin ya samu layi. Bana yayarsa Zali ce ta zo, ita ta kawo.

Khalida, 'yar Hure, tana kishingiɗe tana kwaɓa lalle. A Makka aka haife ta, ta yi aure ta fito, yanzu lallen amare take yi. Hausarta ta fi kama da wadda aka aro.

"Hati, Mariama, ba ni na ji. Ni ana son waƙa na Hausa."

"Ina son waƙar Hausa ake cewa," Hure ta gyara mata. "Shekara talatin, har yau baki bai miƙe ba."

"Khalas ya Ummi."

Mariama ta miƙa mata wayar. Khalida ta danna, ta ɗora a kan murfin bokiti.

Aka fara da ƙwanƙwasa, kum, kum-kum, kamar ana buga wani abu na roba da yatsu. Sannan muryar ta shigo, a dushe kaɗan, ba ta gaggawa.

*Ba ni da soro, yarinya, rumhwar kara gare ni,*
*Ba ni da gado mai madubi, tabarmar kaba gare ni,*
*Zinariya tana Maraɗi, ban san ƙohwar shagon ba,*
*Amma in hura ta yi kaɗan, ke za ki hwara sha,*
*In kin yi tari cikin barci, ni za ni tashi.*

Khalida ta tsayar.

"Esh ya'ni? Na ji tabarma, na ji fura. Sauran fa?"

"Ni zan fassara miki," in ji Hure. "Cewa yake: ba ni da komai, ba kuma ni da niyyar nema, ki zo mu zauna tare yunwa ta kashe mu cikin so da ƙauna."

"Ba haka ba ne, Yaya Hure."

"To yaya ne? Waƙar matsiyata ce. Da irinta ake yaudarar yara a ƙauye."

"Ba roƙo ba ne," Mariama ta ce, muryarta ta ɗan tashi. "Shi mai waƙar ba cewa ya yi ki ji tausayinai ba. Kayan mai kuɗɗi ya jera miki, ya ce wanga ban da shi, wanga ma ban da shi, kada gobe ki ce na ɓoye. Sannan ya hwaɗi abin da ke gare shi. Ya ce in abinci ya kasa, ke kan gaba. In ba ki da lahiya, ba sai kin tashe shi ba."

Khalida ta ci gaba da juya cokali a cikin lallen.

"Wallah Marwan yana da shigga, gida ɗaki biyar," ta ce a hankali. Tsohon mijinta take nufi. "Mukayyif, AC ya'ni, a ko'ina. Na yi zazzaɓi kwana uku, shi bai sani ba sai da ya ga ma fi abinci, ba abinci."

"Ke kuma wa ya sako ki?" in ji Hure.

"Ni wannan waƙa ya yi min, Ummi."

"Ta yi miki. Waƙa mace ce."

Khalida ba ta kula ta ba, ta sake dannawa. Issoufou ya maimaita baitin ƙarshe, sai muryar ta ɗauke. Ƙwanƙwasar kawai ta ci gaba. Kum, kum-kum. Kum, kum-kum.

"Kharban," in ji Khalida. "Ya lalace. Murya ya tafi."

Ta kai hannu za ta kashe.

"Bari!"

Yadda Mariama ta faɗe shi sai da Hure ta zabura.

"Ke lafiya?"

Mariama ta durƙusa gaban bokitin, leɓɓanta suna motsi. Kiɗan ya zagaya ya dawo farko. Ɗaya. Ya sake zagayawa. Biyu. Ya shiga na uku, ya tafi a hankali kamar mai jan ƙafa, ya kai ƙarshe.

Ya tsaya.

Aka ji numfashin mutum, dogo. Shi ke nan.

"Innalillahi," in ji Mariama. "Na shiga ukku."

"Wai me ya faru ne? Ba kin ji ta tun tuni ba?"

"Ban kai nan ba."

"Kamar yaya ba ki kai nan ba? Kwana goma sha ɗaya abin nan yana hannunki."

"Yaya Hure, kin san yadda Aziziyya take da Hajji. Madam ta ba alhazai hayar bene ukku, ni ka wankin banɗaki, ni ka shara, ni ka hawa da tukunyar gas. Ran da Yaya Zali ta kawo, na sa a kunne ina guga. Na ji baiti biyu, na yi murmushi, na ce yau Malam tsohon zance ya tuna. Madam ta ƙwala min kira na kashe. Kullum sai in ce gobe in na samu natsuwa."

"To yanzu kin ji. Sai aka yi yaya? Mutum ya gaji ya yi shiru."

"Ba gajiya ba ce. Wuri ya bar min."

Ta zauna daɓas a kan leda.

"Garinmu, ranar kasuwa da la'asar, samari na hitowa da gurmi. Wanda ya ga wadda yake so sai ya yi mata wagga waƙa gaban kowa. In ya gama nashi baiti ba ya aje gurmi. Ya riƙa kaɗawa babu murya, zagaye ukku. Nan ne wurin mace."

"Ta ce me?" Khalida ta tambaya.

Mariama ba ta rera ba, faɗa ta yi kamar mai karatu.

"Soro bai san sunana ba. Madubi ba ya tambaya ko na kwana lahiya. Shimhiɗa tabarmar, ga ni nan tahe."

"In ba ta ce ba fa?"

"In na ukku ya ƙare ba ta amsa ba, ya aje gurminai. Ba hwaɗa, ba zagi. Amma ba ya ƙara taka ƙohwar gidansu har abada."



"Ni a na hwarko na amsa mai," in ji Mariama. "Ko gama zagayen bai yi ba. Har ƙawayena na yi min dariya wai na cika zumuɗi."

Hure ta gyara zama. Ita ma jikinta ya ɗan yi sanyi, amma Hure ba ta iya sauka da wuri ba.

"To ai da sauƙi. Ki rera masa yanzu, Khalida ta ɗauka, a kai wa Zali."

"Na riga na amsa."

"Yaushe?"

"Ran Talata na kai ma Yaya Zali jaka. Bargo mai damisa, agogon bango mai kiran salla, turare, takalmi. Da memori."

"Me kika ce a ciki?"

Mariama ta rufe fuska da tafin hannu.

"Abin da nike cewa duk shekara. Na ce Malam ka ƙara haƙuri, shekara ɗaya ta rage."

Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ji kunya ta kama ni. Mutum ya ce miki ba shi da gado mai madubi, ke yake so, ki mayar masa da bargo mai damisa. Ai ko da gangan aka shirya ba za a fi haka ba.

"Tsaya," in ji Hure. "Jakar ba ta isa ba tukuna. Zali tana nan Jarwal, masaukin alhazai. Ki karɓo memorin ki sake wani."

Mariama ta ɗago da sauri. Haka ne fa. Ta kai hannu ga wayar, sai ta ga Khalida ta riga ta ɗauka, ta soka abin kunne, ta runtse ido.

"Khalida, ba ni."

"Istanni." Ta ɗaga yatsa. Ta mayar baya, ta sake ji. Ta sake mayarwa.

"Mariama, a ƙauyenku akwai sawwag?"

"Direba? Mota sau ɗaya take zuwa a sati."

"Yana Larabci?"

"Wane irin Larabci?"

Khalida ta zare abin kunnen ta cusa mata, ta ƙure ƙarar. Wajen zagaye na biyu ne, inda babu murya. A can baya, ƙasa-ƙasa, ƙahon mota. Sannan wani yana ƙwala kira.

*Haram, Haram, Haram! Nafar wahid!*

Kiran da Mariama take ji kullum a bakin titi, direba yana neman cikon mutum ɗaya zuwa Harami.

"Kuma wannan mu gurmi, ba gurmi ba," in ji Khalida. "Jarka ne. Jarka na Zamzam, fadi, ba ruwa."

Mariama ta miƙe tsaye, wayar ta zame, Khalida ta cafe.

"A nan ya yi ta," ta ce. "Yaya Hure, a nan ya yi ta. Malam yana Makka."

Ta nemo lambar Zali. Ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa.

"Salamu alaikum. Mariama?"

"Yaya Zali, ki ji tsoron Allah ki hwaɗa min. Ina Malam?"

Ta cikin wayar ana jin hayaniya, ana jan jakunkuna.

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Ashe gaskiya ne."

"Rantsar da ni ya yi, Mariama. A gaban Ɗaki ya rantsar da ni."

"Ta yaya ya zo?"

"Wani tsohon alhaji na Maraɗi ne ƙahwa ta mutu mai, ɗiyanai sunka biya ma Issouhou kujera don ya riƙa tura shi a keke. Tare munka taho."

"Jakar da na ba ki..."

"Ina shiga masauki ya amsa. Ya hidda memori ya sa a kunne."

Mariama ta dafa bango.

"Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba. Ya ji har ƙarshe, ya tashi ya yi alwala."

"Yaya Zali..."

"Saurara, tunda kin sani. Da la'asar motarmu za ta tashi Jidda. Ya ce min in mota ta tashi, in kira ki in ce ya sawwaƙe miki. Ya ce ba ya riƙe mace da igiya alhali ranta na wani wuri."

"Ku jira ni."

"Mariama, wurin nan cike yake da askar, 'yan sandan ƙasar. Tun sahe suke tsaye bakin motoci."

"Ku jira ni na ce."

Ta kashe. Ta fizgi abayarta daga ƙusa, ta sa ta a bai-bai, ta cire, ta sake sawa.

Hure ta tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Jarwal."

"Jarwal? Yau? Kin haukace? Ke da ba iƙama, takardar zama, ba fasfo mai rai, ba komai? Wannan satin ake kamen waɗanda suka maƙale bayan Hajji. Jiya mata huɗu aka kwashe a bakin gada. In suka ɗauki yatsunki aka kai ki tarhil, inda ake tsare mutum a mayar da shi ƙasarsu, ke da ƙasar nan sai a hoto."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Shekara bakwai kina bin lungu, yau za ki kai kanki bakinsu saboda wanda ya zo gari ɗaya da ke ya kasa yi miki sallama?"

"Abin da za ni tambaye shi ke nan."

"Ki kira shi a wayar Zali."

"Ba ya amsa. Na san shi."

"Ummi, sibiha," in ji Khalida. "Bar ta."

Hure ta dubi 'yarta, ta dubi Mariama. Ta matsa gefe tana ƙunƙuni.

"In kin ga taftish, masu binciken takardu, a hanya ki sauka ki bi ta cikin unguwa. Kuma ki saki niƙabinki, kada ki riƙa waige-waige kamar ɓarauniya."

Rana ta take sosai lokacin da ta fito. Mota ta farko ta wuce ta, ta biyu a cike. Ta uku ta tsaya, wani tsoho ne mai ɗaukar fasinja a tasa motar. Hanya kuwa kamar an haɗa baki da ita: manyan motocin alhazai sun toshe ko'ina, a matsa taku biyar a tsaya. Mariama sai duba agogon motar take. Ta ce Ya Allah a ranta ya fi a ƙirga.

Kafin su kai, aka kira la'asar.

"Hina, hina!" ta ce wa tsohon, wato ya tsaya nan. Ta sauka ta kama gudu-gudu, sauri-sauri, takalminta na cizon ƙafa.

Ƙofar masaukin ta cika da kaya. Jakunkuna masu ratsi an ɗaure da igiya, an rubuta sunaye da alli, mata suna cacar baki a kan wa ya taka buhun dabinon wa. Motoci uku a jere, injinsu na ruri. Gaba kaɗan, motar askar, ɗaya a zaune ciki, ɗaya a tsaye yana nuna wa direbobi hannu.

Ta gan shi kafin ya gan ta.

Yana naɗe keken guragu zai tura ƙarƙashin mota. Ya rame. Gemunsa da ta bari baƙi wuluk ya yi furfura a gefe biyu. Jallabiyar da ke jikinsa ta yi masa tsawo, ya ɗaure ta da wani ƙyalle a ƙugu.

Ta ɗage niƙabi.

"Malam."

Ya tsaya cak, bai juyo ba. Sai da ya gama tura keken, ya kaɗe hannu, sannan.

"Mariama."

Shekara bakwai, abin da suka iya ke nan.

"Ka zo Makka ka kasa nemana?"

"Na neme ki."

"Ƙarya... a'a, yi haƙuri. Yaushe?"

"Kwana biyu da saukarmu. Sunan layin na jikin kwalin da kinka aiko bara. Na yi ta nuna ma mutane har na kai."

Hotunan da take aika masa suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya: ita a kan kujerar Madam mai ruwan gwal, ita a gaban labulen Madam, ita riƙe da butar shayin Madam. Duk a ranakun da masu gida suka tafi Jidda ta ɗauke su. A bayan kowanne ta ce masa, ga ɗakina.

"Malam, hwalon nan da kake gani a hoto..."

"Ba naki ba ne."

"Ni ka share shi."

"Na sani. Ina tsaye ƙetaren titi kinka hito da tukunyar gas a kahwaɗa. Wata mace ta leƙo ta sama tana yi miki tsawa. Kinka ce hadir, hadir, ga ni nan. Har takalminki guda ya hita ba ki tsaya ɗauka ba."

Hawayen da take riƙewa tun daga Ka'akiyya suka ƙwace.

"To don mi ba ka kira ni ba?"

"Ban so ki gan ni ina ganinki ba."

Wani ɗan agaji ya wuce yana kiran lambar mota ta biyu.

"Na koma masauki na kasa cin abinci," in ji Issoufou. "Na ce bari in tambaye ta yadda na tambaye ta da hwarko. In ta amsa, in bayyana. Sai ga bargo."

"Wallahi ban ji ta har ƙarshe ba! Aiki ya..."

"Bargo bakwai ke nan, Mariama. Ni kaɗai, a zahin Maraɗi. Duk suna nan cikin ledarsu, na jera miki a ɗaki. Agogon bara ma yana nan, shi da ni muke kwana, shi ya kira salla in amsa mai."

"Don mu nike yi. Na ce in mun samu soro..."

"Na ce miki ina son soro?"

"Ba ka ce ba."

"Shekara biyu kinka ce."

"Na sani."

Ya ɗan kawar da kai, ya dubi motar, ya dawo da idonsa kanta. Babu faɗa a muryarsa, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Kin san abin da ya hi ci min rai? Da hwalon nan naki ne, da na gane. In ce ta samu abin da ya hi ni, Allah ya sa alheri. Amma ba naki ba ne, Mariama. Ko zama ba a bari ki yi a kai. Kuma duk da haka shi kinka zaɓa."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta so ta ce ba zaɓa ta yi ba, amma ta san duk shekara akwai ranar da take zama ta danna waya ta ce saura ɗaya, kuma ba wanda yake riƙe mata wuya.

"Kunya nike ji," ta ce. "In koma da mi? Mata su ce ta yi shekara bakwai Makka ta dawo da abaya ɗaya?"

"Su ce."

Mota ta farko ta ja. Zali ta leƙo ta tagar ta biyu, idonta jawur.

"Issouhou, ana ƙirga mutane!"

Mariama ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ja numfashi, ta buɗe baki.

"Soro bai san suna..."

"A'a."

Ya ɗaga hannu.

"Kada ki yi. Wancan karon ma da baki kinka amsa, kuma kin iya. In na ji muryarki yanzu zan hau motar nan in koma in ƙara zaman shekara bakwai, na san kaina."

"To mi kake so in yi? Ba ni da hwasfo, ba su bari in hau motar ga."

"Ban sani ba. Ni dai na gaji da jin saura ɗaya."

Ɗan agajin ya dawo da takarda a hannu.

"Issoufou! Wane ne Issoufou mai tura Alhaji? Kai kaɗai ake jira!"

Ya sunkuya ya ɗauki 'yar jakarsa. Ya taka matakalar farko. Ya tsaya a nan, bai waiwayo ba, bai kuma shiga ba, direba yana ta danna ƙaho.

Mariama ta dubi bayansa. Ta dubi motar askar.

Hanya ɗaya ce mai irin halinta take komawa gida, kuma kowa a Ka'akiyya ya san ta: tarhil. Sati nawa a tsare, ba wanda zai ce. Kayanta na ɗakin Hure, akwatin da ta cika shekara bakwai, ba za ta ƙara ganinsa ba. Makka kuma an rufe mata.

Ta nufi motar askar.

"Mariama!" Zali ta ƙwala daga taga. "Ina za ki? Ke! Ba nan ba!"

Issoufou ya juyo.

Askar ɗin da ke tsaye saurayi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ga mace ta tsaya a gabansa fuska a buɗe, ya yi mata nuni da ta matsa, mota za ta wuce.

Ba ta matsa ba.

"Na'am ya hajja? Esh tibgi?"

Tambayarta yake me take so. Ta ji takun gudu a bayanta, ta ji muryar Issoufou yana kiran sunanta da ƙarfin da bai taɓa yi ba, yana cewa ta tsaya, ta tsaya su yi magana.

Ta miƙa wa askar ɗin hannayenta biyu.

"Ma fi iƙama," ta ce. "Shekara bakwai. Ku kai ni gida."

Askar ɗin da ke cikin motar ya buɗe ƙofa.